Larabci, Faransanci ko Turanci: Wanne 'Yata Za Ta Riƙe?

"Assalamu alaikum Malam. 'Yata ta gama sakandare a wata makarantar Larabci da addini a nan Zariya, ta kuma yi hadda. Burinta ta karanci Larabci a Jami'ar Ahmadu Bello. Yayana, wato baffanta, ya ce ɓata lokaci ne, yanzu duniya ta Turanci ce, Larabawan ma Turanci suke koya wa 'ya'yansu. Mahaifiyarta 'yar Maraɗi ce, ta so a ce Faransanci yarinyar ta yi, sai ga shi muna jin Nijar da Mali da Aljeriya duk suna yar da shi. Shin da gaske Turanci zai cinye harsunan nan biyu? Me zan ce wa yarinyar?" Wani uba daga Tudun Wada, Zariya.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya yi wa yarinyar albarka, ya sa haddar ta zauna. Tambayarka kashi biyu ce, in aka cakuɗa su sai a yi wa yarinya gurguwar shawara. Ta farko: me ke faruwa tsakanin harsunan nan uku a ƙasashen da kake jin labarinsu a rediyo? Ta biyu: abin da ke faruwa can ya shafi ɗalibar da za ta nemi gurbi a Samaru, babbar harabar jami'ar? Ni malamin harshe ne. Faransanci na karanta na kuma koyar, sannan na daɗe cikin aikin horar da ɗaliban da za su je su koyar da Turanci da Larabci a firamare da sakandare. Da wannan idon zan duba maka.

Yayanka bai yi ƙarya ba, Turanci na shiga wuraren da a da ba a san shi ba. Abin da bai tsaya ya duba ba shi ne, kujerar wa yake hawa in ya shiga.

Kujerar wa Turanci ke hawa?

Mu fara da Aljeriya. Faransa ta riƙe ta daga 1830 har zuwa 1962. Bayan 'yanci sai gwamnati ta riƙa mayar da karatun firamare da sakandare cikin Larabci, amma likitanci da injiniyanci da yawancin kimiyya a jami'a suka ci gaba da tafiya da Faransanci. Ka ga yaro ya yi shekara goma sha biyu yana lissafi da Larabci, ranar da ya taka jami'a a juye masa allo. Ɗan gidan da ake hira da Faransanci ya wuce abinsa, ɗan talaka ya yi ta fama. A watan Satumba na 2022 aka fara koyar da Turanci tun daga aji uku na firamare, aka kuma umarci jami'o'i su fara karkata gare shi. Shugaba Abdelmadjid Tebboune da bakinsa ya kwatanta Faransanci da ganimar yaƙi, ya ce Turanci shi ne harshen duniya. To, a duk wannan ba a taɓa Larabci ba. Yana nan a matsayin harshen hukuma tare da Tamazight, wanda dangin harshen Buzaye ne. Kujerar da ake ja kujerar Faransanci ce, wato ɗakin gwaje-gwaje da asibiti da kamfani.

Maroko ta fi ban sha'awa. A 2019 majalisarta ta yi dokar da ta buɗe ƙofar koyar da kimiyya da harshen waje, wanda a aikace Faransanci ke nan, bayan kusan shekara talatin ana yi da Larabci. Daga 2023 kuma ta fara shimfiɗa Turanci a ƙananan makarantun sakandare. Ƙasa ɗaya, cikin shekara huɗu, ta ƙara wa Faransanci fili ta kuma ƙara wa Turanci. Iyaye a can ba zaɓen ɗaya suke yi su bar biyu ba, ƙari suke nema wa 'ya'yansu.

Ruwanda ta sauya harshen koyarwa daga Faransanci zuwa Turanci a 2008, ta shiga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a 2009. Gabon da Togo, waɗanda Ingila ba ta taɓa rena a matsayinsu na yau ba, su ma sun shiga a 2022.

Sai maƙwabtanmu. Tsarin mulkin Mali na 2023 ya sauke Faransanci daga harshen hukuma zuwa harshen aiki, ya ɗaga harsunan gida goma sha uku. Barkina Faso ta bi sahu, ta sa Turanci a gefen Faransanci a matsayin harsunan aiki. Nijar kuwa, a kundin da gwamnatin soja ta fitar a watan Maris na 2025, Hausa ce harshen ƙasa, Turanci da Faransanci harsunan aiki, kuma a cikin watan ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu magana da Faransanci. Babban al'amari ne, ban raina shi ba. Amma ka ce wa mahaifiyar yarinyar ta tambayi danginta na Maraɗi: da wane harshe likita ke rubuta magani, da wane harshe ake cika takardun kwastan, da wane harshe yaro ke rubuta jarrabawar kammala sakandare? Faransanci ne har yanzu. Doka ana sauya ta a zama ɗaya. Malaman da za su koyar da sabon harshen, da littattafan, da kundin shari'ar da alƙali zai buɗa, waɗannan aikin shekaru ne. Malaman Ruwanda da aka horar da Faransanci sun wayi gari an ce su shiga aji da Turancin da su kansu ba su mallaka ba, kuma yaran da ke aji a shekarun nan su suka ɗauki nauyin gaggawar.

Me ya sa Turanci, ba wani harshe ba? Galibin binciken kimiyya da likitanci yau da shi ake bugawa, har Bafaranshe da Bajamushe da shi suke rubuta nasu in suna son a karanta. Harkar kwamfuta da shi aka gina ta. Ɗan kasuwar Aljeriya da ya je Guangzhou ko Istanbul ko Dubai, Faransancinsa ba ya saya masa komai. Ba sai ka yi nisa ba ma, ka leƙa kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da ke Palladan: dokar sufurin jiragen sama ta duniya ta wajabta wa matuƙi da mai ba shi umarni daga ƙasa su kai wani matsayi a Turanci, ko Balarabe ne ko ɗan Sin. Sai kuma dalilin siyasa, wanda mu 'yan Najeriya muke yawan kasa gani. A wurin ɗan Aljeriya ko ɗan Nijar, Turanci ba harshen wanda ya mallake shi ba ne, don haka rungumarsa ma wata hanya ce ta juya wa Faransa baya. A wurinmu kuwa shi ne harshen wanda ya ci Sakkwato a 1903.

Maganar Larabawa na koya wa 'ya'yansu Turanci ma gaskiya ce. A Saudiyya da ƙasashen da ke kewaye da ita da Turanci ake karatun likita, haka jami'ar man fetur ta Dahran. Amma Siriya ta daɗe tana fitar da likitoci da Larabci a Jami'ar Damaskus, kuma Larabci na cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1973. Kotu da jarida da majalisa da mumbari a ƙasashen Larabawa duk da shi suke aiki. Balarabe ƙari ya yi a kan harshensa, bai musanya shi ba.

Namu lissafin daban ne

A Najeriya Turanci ba baƙo ne mai neman wurin zama ba, ya fi shekara ɗari a kan kujera. Kafin zuwansa, Larabci ne harshen wasiƙar sarki da hukuncin alƙali a ƙasar Hausa, Hausa kuma ana rubuta ta da ajami, kamar yadda Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi ya rubuta waƙoƙinsa. Abin da ake gani yau a Aljeriya, na wani harshe ya karɓe ofis, mu an yi mana shi tun zamanin kakanni. Ofis ya tafi, zaure bai tafi ba. Ka shiga cikin birni bayan asuba, Unguwar Juma ko Kona, ka ga magidanta riƙe da littattafai suna jiran layin karatu ya zo kansu. Wannan garin ne kuma aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, nan Barewa take, nan aka kafa jami'a a 1962. Zariya ta daɗe da sanin zama da harshe fiye da ɗaya, kowane da aikinsa.

Faransanci shi ne marar gata a cikinsu. A 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana shi harshen hukuma na biyu, manufar ilimi ta ƙasa ta sa shi cikin darussan dole a ƙananan azuzuwa. Ka zagaya makarantun gwamnati na ƙasar Zazzau ka ƙirga malaman Faransanci, ba za ka gaji da ƙirga ba. Ga shi kuwa Benin da Nijar da Cadi da Kamaru, duk ƙasashen da muka haɗa iyakar ƙasa da su, da Faransanci suke rubuta takardunsu.

Inda Turanci yake da ƙarfin da babu mai ja da shi a nan shi ne bakin ƙofa. Ko Larabcin 'yarka za ta karanta, sai ta kawo kiredit a Turanci, WAEC ta rubuta ko NECO ko NBAIS ta makarantun Larabci da addini, sai kuma ta zauna wa takardar Turanci a JAMB. In ta shiga jami'a akwai darussan gama-gari da Turanci. In ta fito, takardar neman aiki da hirar ɗaukar aiki duk da shi ne. Turanci a ƙasar nan kamar kuɗin mota ne zuwa kasuwa. In babu shi ba ka isa ba, amma in ka isa ba shi za ka kasa a rumfa ba, don duk wanda ke kasuwar ya biya nasa. Yayanka ya ga ba a zuwa sai da shi, sai ya ɗauka shi ne hajar. Masu digiri da Turanci kaɗai sun cika gari. Wanda ake nema a rasa shi ne mai Turanci sosai da wani harshe sosai.

Abin da nake gani a aji

Kalmar "sosai" ɗin nan ita ce duk matsalar, don haka bari in daɗe a kanta.

Ɗaliban da suka zo mana daga makarantun Larabci iri biyu ne. Akwai wanda ya sha nahawu da sarfu, ka ba shi baiti ya yi maka i'irabinsa tas, amma ka ce ya rubuta wa shugaban makaranta wasiƙar neman izini da Larabci ko ya saurari labarun ƙarfe takwas na wata tashar Larabawa ya faɗa maka abin da aka ce, sai ya tsaya. Larabcin littafi ya koya, ta hanyar fassara kalma-kalma zuwa Hausa. Hanya ce mai albarka wajen fahimtar fiƙihu, amma ba ta buɗe baki, ba ta kuma koyar da insha'i. Akwai kuma wanda ya dawo daga Madina ko Azhar ko Sudan, Larabci a bakinsa kamar ruwa, ilimi ga shi nan, amma Turanci ya tsaya inda ya bar shi a aji uku na sakandare. Na sha zama da irin waɗannan muna gyara takardar neman aiki, mutum ya fi wanda zai yi masa tambayoyi sani nesa ba kusa ba, amma an rufe masa ƙofa saboda shafi ɗaya. Abin na ci mini rai.

Sai dai akwai albishir a nan, kuma ban cika jin ana faɗa wa iyaye ba. Ɗalibin da ya san nahawun Larabci ya fi saurin kama ƙa'idar Turanci da Faransanci a kan wanda bai taɓa nazarin ƙa'idar kowane harshe ba. Ya san fa'ili da maf'uli, ya san kalma na sauya siffa gwargwadon aikinta, ya saba da namiji da mace a suna da sifa, abin da ke wahalar da masu fara Faransanci. Mai hadda kuma ya riga ya horar da kunnensa da ƙwaƙwalwarsa. In na samu irin wannan a aji, ba daga tushe nake farawa ba, nuna masa nake yi inda abin da ya sani ya yi daidai da sabon harshen da inda suka rabu. Abin da ya rasa yawanci ba basira ba ce, karatu ne mai yawa da wanda zai gyara masa rubutu da jan biro.

Nawa ɓangaren ma bai tsira ba. Akwai masu takardar Faransanci da ba za su iya cinikin albasa da shi a Birnin Ƙonni ba. Shi ya sa aka kafa ƙauyen Faransanci a Badagry, da na Larabci a Ngala ta jihar Borno, don ɗalibi ya zauna inda babu abin da zai ji sai harshen.

Wanda ya fi ba ni tsoro kuwa shi ne yaron da bai mallaki ko ɗaya ba. Makarantun kuɗi sun cika unguwanni, kowace ta rubuta a allonta cewa da Turanci zalla take koyarwa. A wasu har tarar yaro ake ci in ya yi Hausa. Malamar da ke ajin ita kanta Turancinta na rarrafe, yaro ya haddace amsa bai san ma'anarta ba, ya fito bai iya rubuta Hausa ba, bai iya Turanci ba, Larabcinsa kuma karatun baki ne. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarabanci tsawon firamare, Turanci kuma ƙwararren malami na koyar da shi a matsayin darasi, ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare a 2022, a watan Nuwamba na 2025 ministan ilimi ya sanar da soke ta. A ganina an yi gaggawa a duka biyun, an kafa ba tare da malamai da littattafai ba, an soke kafin a gwada. Wannan dai zance ne na wata rana.

To, me za ka ce mata?

Ka bar ta ta yi Larabcinta, bisa sharaɗi. Sharaɗin shi ne kada ta ɗauki Turanci a matsayin jarrabawar da za a tsallake a manta. Ta riƙe shi har ta iya karanta sharhin jarida ta taƙaita shi, ta iya rubuta rahoto shafi biyu ba tare da an kama mata hannu ba.

In ta haɗa biyun, hanyoyin ba koyarwa kaɗai ba ce, ko da yake koyarwar ma ba abin rainawa ba ce, makarantun Islamiyya masu haɗa boko da addini kullum neman malama mai harshe biyu suke yi. Akwai harkar kuɗi ta Musulunci: bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, wasu sun biyo baya, gwamnatin tarayya ta fara fitar da sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci, a 2017, kuma duk suna buƙatar wanda zai karanta mas'ala a littafin fiƙihu ya kuma fahimci yarjejeniyar da lauya ya rubuta da Turanci. Akwai aikin hajji, da ofisoshin jakadanci, da fassara, da aikin jarida. In kuma tana da sha'awar shari'a, ku leƙa harabar jami'ar da ke Kongo a nan Zariya tun kafin ta cika fom. Tsangayar shari'a ta jami'ar tana da fannin shari'ar Musulunci, inda Larabcinta zai zame mata jari tun ranar farko, ta kuma fito lauya. Na ga ɗalibai mata da suka bi wannan hanya suka ji daɗinta. Amma in zuciyarta na kan adabi da nahawu ne, kada a tura ta inda ba ta so don a faranta wa baffa.

Za a ce maka ai yanzu waya na fassara komai. Tana yi, kuma ta kashe kasuwar mai fassara ta sama-sama. Abin da ba a miƙa mata shi ne wasiyya da takardar gado da yarjejeniyar miliyoyi da bayanin majiyyaci ga likita, inda kuskuren kalma ɗaya ke jawo shari'a ko asarar rai. A nan mutum ake nema wanda zai sa hannu ya ɗauki alhaki.

Faransanci fa? Kada mahaifiyarta ta ji an yar da shawararta. Ba na ba da shawarar yarinya ta fara digiri a harshen da ba ta taɓa yi ba alhali ga wanda ta yi shekaru tana ginawa. Amma a matsayin na uku, tana da gatan da ɗalibaina da yawa ba su da shi, wato gidan kawunnai a Maraɗi. Hutun dogon zango can, tare da sharaɗin 'ya'yan kawu su riƙa yi mata Faransanci maimakon Hausa, sannan darasi a cibiyar Alliance Française ta Kano ko Kaduna har ta samu takardar DELF ta shaidar iya Faransanci, wadda ake karɓa a ko'ina. Hedikwatar ECOWAS na Abuja, Hukumar Tafkin Cadi na Njamena, Tarayyar Afirka kuma na aiki da Larabci da Turanci da Faransanci duka. Cadi ma harsunan hukumarta biyu Larabci da Faransanci ne. Bahaushiya mai waɗannan uku ba ta da yawan abokan takara. Sai dai a bi su ɗaya bayan ɗaya. In aka ɗora mata uku a shekara guda, za ta fito da rabi-rabin kowane, wato matsalar da na gama kuka da ita.

Iyakar shawarata ke nan, domin ban zauna da yarinyar ba, kuma harshe ba ya ba da tabbacin aiki a ƙasar da masu digiri ke yawo da takardu. Matsayinta na gaskiya shi zai nuna inda za a fara, kuma kana iya gano shi a gida cikin mako guda. Ka kunna mata labarun Larabci na minti biyar ta rubuta abin da ta ji da Larabci. Ka ba ta sharhin wata jaridar Turanci ta taƙaita shi a rabin shafi da Turanci. Sannan ta rubuta wa kakarta wasiƙa da Hausa. Ka kai takardun uku wurin malamin da ba na makarantarsu ba, wanda ba zai ji nauyinka ba, ya duba. In Turancin ne ya yi rauni, kamar yadda na fi zato, a nema mata malami tun yanzu kafin rajistar JAMB, mai sa ta karatu da rubutu kullum, ba mai haddace mata amsoshin tambayoyin shekarun baya ba. Ka kuma gayyaci baffan nata ya ga takardun da idonsa, don a yanke shawarar da shi.